Farar Ƙasa a Tayar Motar Malam

Shekarun baya can, za a yi bakwai ko takwas, ni ba na riƙe ƙidayar shekara, saura kwana huɗu a zo a yanka motar marigayi maigidana da wuta a tafi da ƙarfenta. Yau na ce bari in ba ku labarin, tunda kun ishe ni da tambaya, wai wace tsohuwa ce ake gani a mota ba rufi a hanyar Minjibir. Ni ce. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'yana kaf sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya faɗa min.

Motar 'yar mitsitsiya ce. Kujera biyu rak, ba rufi sai wani tamfol da ake ja in hadari ya taso. In ka zauna a ciki kamar a tabarma kake, in ka miƙa hannu waje sai ka taɓa ƙasa. Nauyi kuwa babu, da idona na ga maza huɗu sun ɗaga bayanta sun gyara mata tsayuwa. Malam, wato maigidana, direba ne kuma bakanike a wurin wani Bature likitan shanu, tun kafin a kawo ni gidan. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Mutanen garinmu ba su taɓa ganin amfaninta ba. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar mara lafiya a kwance, 'yan biki kuwa ko biyu ba za ta kai ba in an cire direba. Ni kaina na yi shekara da shekaru ina yi mata gori, akwatin ashana nake ce mata.

To amma akwai abin da ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. A zamaninmu mace ba ta zama kusa da mijinta a idon jama'a. In tafiya ce, yana gaba kina baya da ƙullin kaya. In gida ne, yana zaure kina madafi. Motar nan kuwa ba ta da baya. Dole kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Duk zaman da muka yi da Malam, ban san wani wuri da muka zauna gefe da gefe da rana tsaka, mutane na kallo kuma ba mai bakin magana ba, sai a cikin akwatin ashanar nan. Dalilina ke nan na son ta, ba ni da wani, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin.

Da Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka tura ta bayan rumbu aka yi mata rumfar kara. Ranar rabon gado ba wanda ya ɗaga kai ya kalle ta, sai aka ce a bar ta ta gida ce. Kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Ta daɗe a haka, har autana ya taso da maganar ta da ita. In na ce auta kada ku ɗauka yaro ne, malamin firamare ne, a lokacin ya haura arba'in da 'ya'yansa biyar. Shekara biyu ya yi yana kawo wani bakanike daga birni duk ƙarshen mako, suna kwance wannan suna ɗaura wancan, hannu duk baƙin mai. Ranar da injin ya yi tari ya kama, ina tsakar gida ina tankaɗe. Na ajiye rariyar na shige ɗaki, don ban so matan 'ya'yana su ga idona.

Sai ya rage taya. Na da duk sun ruɓe.

Babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa don ɗan fari ne, Alhaji nake ce masa kamar yadda kowa ke ce masa, hatsi yake saye da sayarwa a Dawanau. Yana da ƙananan motocin kaya guda biyu, kuma shi ke riƙe da gidan tun bayan ubansu. Ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na ce mugu ne. Shi da kansa ya ce wa ƙanensa, "Bar min maganar taya, wannan fagena ne." Washegari sai ga shi da sababbi huɗu fil, irin waɗanda yake sa wa motocinsa. Masu kauri, masu faɗi, gefensu kamar katanga. Ya ce hawa takwas ne da su, ko ƙusa sai ta yi da gaske. Da aka gwada a rim, ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, suka zauna daram, kowa ya ce Alhamdulillahi.

Mai facin da ke bakin titi, wanda ya shekara ashirin yana yi wa Alhaji aiki, shi ya zo har gida da injinsa a baro ya ɗaura su. Ku san yadda ake ba taya iska a wajenmu. Ana hura ta ne ana dukanta da guntun ƙarfe. In ta ce bim, ba ta ƙoshi ba. Sai ta ce ƙau, kamar an bugi tukunyar ƙarfe, sannan a cire tiyo. Haka kowa ya taso ya gani, don mu nan duk abin da ke da taya kaya yake ɗauka, daga amalanke har tirela. Ya zagaya huɗun ya buga, ya share gumi ya ce, "Hamsin-hamsin na ba su, Alhaji. Ko buhu ashirin za a ɗora ba za su ce uffan ba."

Ina tsaye daga bakin ƙofa. Na kalli motar na ga ta yi wani tsayi, ta ɗage kamar akuya mai miƙa wuya ga ganye. Wani abu ya ce min ba haka take tsayuwa ba. Amma na yi shiru. Ni da duk unguwa ta san bakina, ranar nan na yi shiru, don na ga maza uku sun haɗa kai, na ce wa raina ke me kika sani a taya.

Ranar Talata da safe Auta ya shiga zai gwada ta zuwa bakin titi. Damina ce, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta rufe kunya. Daga gidanmu zuwa kwalta burtali ne, ƙasa mai tauri da rairayi shimfiɗe a kai, kuma akwai wata kwana a gindin tsamiya. Tun daga ƙofar gida na ga abin da na gani. Motar ba tafiya take ba, tsalle take kamar fara. Kan Auta sama da ƙasa, hularsa ta rufe masa ido. Ba mu ga abin da ya faru a kwanar ba, ƙara muka ji. Ashe bayan motar ne ya zame ya zagayo gaba, ta bar hanya ta faɗa gonar gyaɗar maƙwabcinmu, ta tsallake kunya shida sannan ta tsaya. Bakin Auta ya bugi sitiyari, leɓensa ya tsage.

Da shanun huɗa aka jawo ta. Maƙwabcin namu dattijo ne mai barkwanci. Ya tsaya yana kallon gyaɗarsa a tumɓuke, ya kalli Auta ya ce, "Malam makaranta, da ka faɗa min ka sayi tarakta, ai da ban wahalar da shanuna ba bana." Mutane suka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Da la'asar ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ƙanensa na gefe da baki kumbure.

Ya ce, "Inna, na yi shawara. Motar nan ta tsufa, ƙarfenta ya mutu. Yau leɓe ne, gobe wuya ne. Wannan yana da 'ya'ya biyar. Na kira ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe, ranar Asabar zai zo ya yanka ta ya kwashe."

Na juya wurin Auta, ina jiran ya ce wani abu. Sai ya ce, da ƙyar don bakin, "Gaskiyar Yaya ce, Inna. Sitiyarin kamar ba a haɗe yake da ƙasa ba. Na juya, ita kuma ta yi inda ta ga dama."

Na ce, "Ubanku ya shekara ashirin yana shan kwanar nan. Sau nawa kuka ji ya shiga gonar mutane?"

Alhaji ya ce, "Ai Baba daban ne."

"Daban da me? Hannu uku gare shi?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "In akwai abin da kika sani, Inna, ki faɗa mana."

To a nan ya kama ni. Abin yana raina amma bai fito ba. Na ce ya ba ni zuwa Asabar, kada kowa ya taɓa motar. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsohuwa don a rabu lafiya.

Washegari bayan na karya na zagaya bayan rumbu. Na tsuguna na danna gefen tayar da babban yatsa. Yatsan ne ya lanƙwashe. Wallahi da dutsen niƙa na danna da duk ɗaya ne. A tsugunen nan abin ya fara dawo min. Tayar Malam ba haka take ba. Tana da ɗan tumbi daga ƙasa, inda take taɓa ƙasa, har nakan tsokane shi in ce tayarka ta sace. Yakan ce, "Ba ta sace ba, zama ta yi." Sai kuma na tuna faɗan da muka fi yi da shi a kan motar nan: farar ƙasata. Ina ajiye farar ƙasa ta shafen ɗaki a wani tsohon tulu. Duk ranar da Malam ya sauya taya, da sassafe sai in ji, "Dama min farar ƙasa a ƙoƙo." Ina mita ina damawa. Ya sa ni in riƙe ƙoƙon, ya tsoma yatsu ya ja layi a fuskar kowace taya daga wannan gefe zuwa wancan. In ta sha iska ya ce in shiga in zauna, mu gangara kwalta, ya ɗan tafi kaɗan ya tsaya, ya fita ya tsuguna yana kallo, ya sa tsinke a bawul, ɗan bakin da ake hura taya, ya rage iska, mu sake. Ni duk a zatona shiririta ce ta mutumin da ya zauna da Bature. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Amma ina gani, don ni ce mai riƙe ƙoƙo.

Saura girman tayar. Na san ta Malam siririya ce, ba ta kai ta Alhaji ba, amma siririya ba magana ba ce da za ka kai kasuwa. Na nemi tsofaffin da aka cire, ashe an ba masu takalmi. Sai na tuna da kwamin ruwan agwagina. Tun Malam na da rai ya tsaga wata tsohuwar tayar motar gida biyu ya ba ni rabi in riƙa zuba musu ruwa. Na kori agwagin, na zubar da ruwan, na kife ta. Gansakuka ta rufe ta kore shar. Na samo soso da toka na dirje, sai ga rubutu ya fito.

Shekara nawa ina ɗaga abin nan ina wankewa, ban san akwai magana a jikinsa ba. Turancin dai ban iya ba har gobe. Amma lamba na iya. Da farko ma na kasa, na ce wannan wace irin lamba ce malamarmu ba ta koya mana ba, ashe a kife nake kallonta, sai da na zagaya ta ɗaya gefen. Ɗaya, huɗu, biyar. Sai wani baƙi guda. Sai ɗaya da uku. Na je na duba ta Alhaji. Ɗaya da ukun ƙarshe iri ɗaya ne, shi ya sa ta zauna a rim. Amma lambarsa ta farko ta fi ta Malam girma, kuma akwai ƙarin wani baƙi a ƙarshe wanda ta Malam ba ta da shi. Na yago takarda a littafin ajinmu na kwafe duka biyun, harshena a waje kamar 'yar aji ɗaya.

Ranar Alhamis na ce wa Auta ya shirya mu shiga birni. Ya ce bakinsa. Na ce ba da baki za ka taka ba. Tunkiyata guda ta tafi a kan wannan tafiya, ban kuma yi da-na-sani ba.

Mai shagon tayar da muka shiga ya karɓi takardar ya duba, ya dube ni.

"Hajiya, wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Akwai gyara?"

"Babu. Amma wannan siririyar ba ta hanyar ƙauye ba ce. Ta ƙasan nan da kika rubuta, ita ce ƙarfi. Ita kowa ke saye."

"Ita muka saya ta kai mu gonar gyaɗa."

Auta ya fito da waya ya nuna masa hoton motar. Mutumin ya riƙe baki. Ya ce, "Wannan kuka sa wa tayar kaya? Haba Malam! Ai tayar kaya gefenta ba ya lanƙwasa sai an danne ta da lodi. Wannan abar da ba ta kai nauyin saniya biyu ba, da me za ta danne ta? Kamar kun ɗaura mata turmi huɗu ne." Na kalli Auta, ya gane abin da nake nufi.

Sai kuma halin 'yan kasuwa ya motsa. Ya jawo wasu 'yan Beljiyam, wato na hannu, ya ce ga lambar daidai kuma da sauƙi. Fuskarsu kyakkyawa, zanen bai cinye ba. Na ce a fito min da su haske. Na lanƙwasa gefen da hannu biyu, sai ga tsaga-tsaga sun buɗe ƙanana, irin fason da ke dugadugaina. Na ce masa ni ma daga nesa da kyauna. Ya yi dariya har da buga cinya, ya shiga can ciki ya daɗe, ya fito da sababbi huɗu sirara. Na danna gefen, ya bi yatsana ya dawo. Na duba lambar da kaina, ɗaya, huɗu, biyar. Na ce a ɗaure.

Juma'a gari na wayewa muka lallaɓa da motar zuwa bakin titi, tafiyar da ko mai tallan koko sai ta wuce mu. Ina riƙe da ƙoƙon farar ƙasa a cinya. Dole da safe, don na tuna Malam ba ya taɓa wannan aiki in rana ta ɗaga, yakan ce zafi na kumbura iska ta yi maka ƙarya.

Mai faci ya ɗaura tayoyin yana taɓe baki. Ya ta da inji, ya ɗauko guntun ƙarfensa.

Na ce, "Ajiye ƙarfen nan."

"Inna, da me zan ji ta ƙoshi?"

"Ba ka da abin awo?"

"Geji? Akwai. Amma kunnena ya fi shi."

"Kunnenka ne ya tsaga wa ɗana leɓe. Ɗauko."

Ya tona wani gwangwani cike da tsofaffin bawul ya zaro shi, ya hure ƙura. Ya ce to nawa zai ba ta. Na ce ban sani ba. Ya saki baki. Na ce tayar ce za ta faɗa mana, ya fara da arba'in tunda hannunsa ya saba da yawa.

Na tsuguna na ja layin farar ƙasa a kowace taya, daga gefe zuwa gefe. Kafin ta bushe mutane sun taru, masu babur, mai shayi, masu jiran motar birni. Na ji wani yana cewa, "Tofi za a yi mata ne?" Wani ya ce, "A'a, kwalliyar Juma'a ce." Na ce wanda ba shi da aikin yi ya zo ya riƙe min ƙoƙo. Ba wanda ya zo.

Muka shiga ni da Auta, ya ja a hankali kan kwalta zuwa turken wuta na biyu ya dawo. Na fita na tsuguna. Farar ƙasar ta goge a tsakiya kaɗai, faɗin yatsa uku, gefe da gefe tana nan fari tas. Na kira mai faci na ce zo ka gani. Na ce masa duk faɗin tayar nan, wannan ɗan tsakiyar ne kawai ke taka ƙasa. Mota na tafiya a kan yatsa uku, ina za ta riƙe kwana? Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya sa ƙusa a bawul, iska ta yi tsaki.

Talatin. Muka sake shafawa, muka sake zuwa turke. Gogewar ta ƙara faɗi amma gefen bai taɓu ba. Ashirin da shida, saura kaɗan. A nan fa kaina ya kumbura. Jama'a sun yi tsit, mai shayi ya bar tukunyarsa, ni kuma na ga na zama gwana. Na ce rage. Ya rage. Na ce ƙara ragewa.

"Inna, ko keke ba na bari a haka."

"Keke na kawo maka? Rage."

Ya kai ta sha bakwai. Muka tafi, Auta ya ce sitiyarin ya yi nauyi kamar yana tuƙa tuwo. Da muka dawo, gefe da gefe sun goge, tsakiya kuma ga fari nan ya rage. Na wuce gona da iri. Mai faci ya miƙe ya harɗe hannu, fuskar nan tasa cike da murna.

"To Inna, yanzu kuma me tayar ta ce?"

"Ta ce ka ƙara. Na ce maka ni na ƙera ta?"

Aka kwashe da dariya, har da ni. A ƙarshe dai inda layin ya goge tas daga gefe zuwa gefe, ba saura, shi ne ashirin da biyu a gaba, ashirin da huɗu a baya. Na sa ya nuna min a jikin gejin na karanta da idona, na rubuta a bayan takardata. Da na ja baya na kalli motar, sai na ga ɗan tumbin nan a ƙasan kowace taya. Ta zauna.

Asabar da hantsi ɗan gwangwan ya iso da motarsa da tukwanen gas na yankan ƙarfe. Alhaji ya fito cikin babbar riga. Ya ga sirarun tayoyi, ya ga nasa huɗu jingine da rumbu, ya dube ni.

Na ce, "Shiga ka tuƙa. Ni zan zauna a gefe. In mun dawo ka ce a yanka, ba zan ƙara magana ba."

"Inna, in wani abu ya same ki fa, me zan ce wa mutane?"

"Sai ka tuƙa yadda ba abin da zai same ni."

Da ƙyar ya shiga, don Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne, sai da ya naɗe rigar ya cusa ta tsakanin cinyoyi. Muka hau burtali. Ba tsalle. Ramin da ke gaban masallaci, wanda ranar Talata ya ɗaga Auta sama, muka wuce shi kamar an taka katifa. Na ga ya ɗan saki kafaɗa. Da muka doshi tsamiya ya taka birki, muka sha kwanar muna rarrafe.

Na ce, "Wannan ba gwaji ba ne. Jaki ma zai sha ta a haka. Juya."

Ya juya. Karo na biyu ya shiga da ɗan gudu, irin wanda mutum mai hankali zai yi. Na riƙe ƙofa, ina karanta duk abin da ya zo bakina, don kada ku ɗauka ban ji tsoro ba. Motar ta bi kwanar kamar an ja ta da zare. Bayanta bai ko motsa ba.

Na uku ban ce ya yi ba. Shi da kansa ya kai bakin titi ya juyo, ya sake shan kwanar, iska ta ɗauke masa hula ta jefa cikin gero. Sai na ji wani sauti a gefena, na waiga. Alhaji ne ke dariya, baki buɗe, irin dariyar da rabona da jin ta tun yana ɗan shekara goma ubansa na zagayawa da shi. Mutumin da kullum fuskarsa a ɗaure da maganar buhu da direbobi.

Da muka tsaya a ƙofar gida ɗan gwangwan ya taso yana gyara tiyonsa. Alhaji ya fito ba hula, ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, an fasa." Don kada ya koma hannu wofi ya sa aka fito masa da wata karyayyar garma da tsohon gadon ƙarfe. Ni kuwa bai ce min Inna kin yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne, kuma ban jira ba. Abin da ya ce shi ne, "Tayoyin nan nawa a sa min su a mota, akwai mai buƙatarsu." Sai ya juya wurin ƙanensa ya ce gobe in ba ya amfani da ita zai ɗan je Ungogo ya dawo.

Motar tana nan har yau, an yi mata rumfar kwano.

In na zauna ina tunanin abin, ba cin nasarar ke fara zuwa min ba. Tabon da ke leɓen Auta ne. Yana nan, ɗan fari, in ya yi murmushi sai ya fito. Ranar da aka buga tayoyin nan suka ce ƙau, na ga ba daidai ba, na kuma yi shiru don na ɗauka abin da mace ta gani tana riƙe da ƙoƙo ba sani ba ne. Alhaji bai yi ƙarya ba, mai faci bai yi ƙarya ba, abin da suka sani na gaskiya ne, na kaya ne kawai. Ni ce na san ɗaya abin, na zauna a kansa. Tun daga ranar, in na ga abu ya karkace ina faɗa, ko a gaban wa. Matan 'ya'yana za su ce muku dama can ina faɗa. To na ƙara.

Yanzu Auta ya sayi gejinsa, yana aljihun motar. Duk farkon wata, da safe kafin rana ta taɓa rumfar, yakan zagaya tayoyin huɗu. Ni kuma in jawo kujerata 'yar tsugune in zauna kusa. In ya auna ya ce, "Ashirin da biyu, Inna." In ce miƙo in gani. Yakan yi tsaki a ransa, ina ji, ya miƙo. Ba wai ban yarda da shi ba ne. Daɗin karanta lambar nake ji.